Bakin Igiyar da Ba a Ɗinke Ba

Mai tamfol bai so wannan aikin ba tun farko, kuma ya faɗa da bakinsa. Shi sana'arsa ɗinkin tamfol na manyan motoci da rumfunan shaguna. In ɗinkinsa ya farke, iyakaci ruwa ya jiƙa wa wani kaya, a zo a zazzaga masa masifa, ya ba da haƙuri ya gyara. Amma igiyar da mutum zai jingina ransa a kanta yana can ƙololuwar bishiya, ai wannan ta fi ƙarfin aikin tamfol.

Sai dai mai igiyar ba irin wanda ake ce wa a'a ba ne. Yayan matarsa ne, maharbi, dogo busasshe, mai taurin kan da ko jaki ya gani sai ya sara masa. Ƙarar bindiga ta cinye masa kunnen hagu, na daman ma sai an ɗaga murya, shi ya sa in yana hira za ka rantse faɗa yake yi. Kuma yana da wata dabara mai ban haushi: in aka zo maganar da ba ya so, sai ya juyo maka da mataccen kunnen.

Farautarsa ta kan bishiya ce. Yakan kakkafa manyan ƙusoshi a jikin bishiya ya taka ya hau, ya ɗaura ɗan katako tsakanin rassa ya zauna, ya jira dabba ta kawo kanta. In ya isa sama sai ya zagaya igiya ta bayan bishiyar, ya maƙala bakinta biyu da ƙugiyoyi a ɗamarar da ke ƙugunsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Da haka yake iya miƙewa a kan katakon ya kwanta baya, hannuwansa biyu a kan bindiga, igiyar tana riƙe da shi. To tsohuwar igiyarsa ta ruɓe, ya sayo sabuwa ta roba, mai ƙarfi kuwa, amma ga santsi. Ya ƙulla, ƙullin ya zame. Ya sake, ya zame. Shi ne ya kwaso ta ya jefa a kan teburin mai tamfol.

"Tela, ɗinke min bakin nan biyu. Ka lanƙwasa kowanne ya zama zobe, yadda ƙugiya za ta shiga."

Mai tamfol ya tsani a ce masa tela, kuma maharbin ya sani sarai.

"Yaya, da za ka ji tawa, ƙulli za ka yi. Ba irin naka ba, akwai wanda ke kama irin wannan igiyar, in nuna maka. Ka bar masa jela mai tsawo, ka ƙara wani ƙullin a bayansa. Shi ƙulli ido na ganinsa. Kafin ka hau ka duba, in ya motsa ka sani."

"Jela!" in ji maharbin, har mai shagon kusa ya leƙo. "Jela ce ta kore min barewa bara. Ta maƙale a reshe, na ja, ganye ya motsa, na wuni a sama a banza. Ba na son abin da ke reto a jikina. In ba za ka iya ba ka faɗa, mai walda ya ce zai zura bakin a guntun bututu ya daddake shi da guduma."

"Subhanallahi! Bututu? Bakin ƙarfen zai riƙa cin igiyar ta ciki, kana zaune a kai ba ka sani ba. Shi mai waldan ya taɓa hawa ko kan kujera?"

Maharbin ya juyo masa da kunnen hagu.

Matar mai tamfol tana tsaye a ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, hannunta duk kumfar wanki. Ta ce, "Baban yara, ka ɗinka masa don Allah. Ka san halin Yaya. In ka ƙi, wallahi daga nan wurin mai waldan zai wuce."

Gaskiya ta faɗa. Kuma maharbin shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya ɗauke ta ya ba wannan da yake kira tela. Mai tamfol ya ja dogon numfashi ya jawo igiyar gabansa.

"Zan ɗinka. Amma da sharaɗi, Yaya. Ba mai taɓa ta sai na miƙa maka da hannuna, mun rataya ta a nan ka hau kai mun gani."

"Na ji, na ji," in ji maharbin, yana kallon titi.

Washegari mai tamfol ya ture sauran ayyuka ya zauna a kanta. Yana da tsarinsa da ba ya canzawa. Da farko yakan zura wa igiya 'yar riga ta tamfol, wadda za ta rufe ɗinkin kada rana da gogayya su ci zaren, kuma dole a zura ta tun kafin a lanƙwasa, don bayan an ɗinke ba ta shiga. Sannan ya lanƙwasa bakin ya ɗan kama shi da farin zare siriri, irin na maɓallin riga, don kada ya motsa. Wannan ɗinkin gwaji ne kawai, ko kaza ba zai riƙe ba. Bayan nan ne ake ɗauko basilla da baƙin zare mai kauri, a shafa masa kaki, a bi a dawo, a bi a dawo, har wurin ya yi tauri kamar icce.

Ya kama bakin biyu da farin zare. Ya ɗinke na farko, yatsunsa har suna zafi, ya duba ya ji daɗin aikinsa. Da ya juyo kan na biyu sai ya ga baƙin zaren ya ƙare, ɗan abin da ya rage ko rabi ba zai kai ba. Akwai wani zaren a aljihun tebur, amma ba irin wanda zai yarda ya ɗora yayan matarsa a kai ba ne. Ya ja 'yan rigunan ya rufe bakin biyu don ya ga yadda za su zauna, suka zauna daidai, ba ka bambanta wannan da wancan. Ya rataye igiyar a ƙusa bayan ƙofa, ya hau babur ya tafi neman zare. Bai ce wa kowa komai ba, don a ganinsa yanzu zai dawo.

Ina! Shagon da ya saba saye ba su da shi, sai da ya ratsa gari. A hanyar dawowa wani direba ya tare shi a tasha, tamfol ɗinsa ya yage, ga kaya an loda, ya riƙe masa kan babur yana roƙo kamar zai yi kuka. Kafin ya iso gida rana ta karkata.

Ya tarar da matarsa tana share gaban shagon, fuskarta a sake.

"Sannu da zuwa. Kun yi saɓani da Yaya. Ya ce in gaya maka ashe telan ya iya aiki."

Mai tamfol ya wuce ta ya leƙa bayan ƙofa. Ƙusar tana nan, ba komai a jikinta.

"Ina igiyar?"

"Ya tafi da ita mana. Wani manomi ne ya zo masa da gaggawa, wai aladen dajin nan da ya addabi gonarsa ya dawo, jiya ma ya farke masa kare. Yaya ya duba ya ga ka gama, har ka sa musu riga."

"Ya ja ta? Ya gwada?"

"Ya gwada. A nan kan benci ya zauna ya nannaɗe bakin biyu da robar tiyub, ka san shi komai sai ya naɗe kada ya yi ƙyalli ko ƙara. Sannan ya taka da ƙafa ya ja, ya ce ko giwa ta hau." Ta tsaya da shara. "Lafiya? Me ya faru?"

Da a ce Yaya ya ja ta tsirara, da a nan cikin shagon za ta zare a hannunsa, a yi faɗa a gama. Amma roba in aka ɗaure ta tamau tana matsewa. Za ta riƙe jan hannu, ta riƙe jan ƙafa, ta ruɗi mutum ya yarda da ita. Abin da ba za ta riƙe ba shi ne nauyin ƙato guda ya kwanta a kai.

Ya so ya ɓoye mata, amma bakinsa ya riga shi. "Ɗaya ban ɗinka ba. Farin zare ne kawai a ciki."

Tsintsiyar ta faɗi. Ta ciro waya tana lalube, ta kira, aka ce a kashe take. Ta sake kira, haka. Maharbin in zai hau bishiya kashe waya yake yi ya jefa a jaka, kowa ya sani.

"Ni na ciro masa," ta ce. "Baban yara, ni na ciro ta daga ƙusar nan na miƙa masa da hannuna."

"Wace gona?"

"Ta rogo, bayan rafi, in ka wuce wurin masu bulo."

Bai ma cire ƙullin zaren daga aljihunsa ba. Ya buga babur ya fita.

Kai, ranar kamar duk garin sun haɗa baki. Babbar mota ta tsaya a tsakiyar hanya tana juyawa a hankali, mai tura baro ya gitta, awaki suka bazu. Ya bi ta gefen kwata, wani ya zage shi, bai ko waiwaya ba. Yana tuƙi yana lissafi a ransa, kuma lissafin ba daɗi. Hawa ba matsala, da ƙusa da reshe Yaya ke hawa. Zama a kan katako ba matsala. Igiyar ba za ta ɗauki nauyi ba sai lokacin da dabba ta fito, ya miƙe, ya kwanta baya zai harba. Dabba kuwa da yamma take fitowa, ga yamma tana yi. Tsoro ya cika shi, ga haushin kansa da ya ja rigar nan ya rufe, ga haushin mutumin da aka yi sharaɗi da shi ya ba da mataccen kunne.

Bayan wurin masu bulo kwalta ta ƙare, aka shiga turɓaya. Ya tarar da manomin a bakin bukkarsa yana wasa adda.

"Ina maharbin?"

"Yana sama tun ɗazu. Ka ga doguwar bishiyar can bayan rogo? To can. Amma malam, ba a zuwa fa. Ya ce ko tari kada in yi. Mutum da bindiga a ɗane, in ya ga motsi a ciyawa..."

"Babur na wucewa?"

"Ta rafin? Sai dai ka ɗauke shi a ka. Malam! Aladen nan ba shi da mutunci, ka tsaya!"

Mai tamfol ya yar da babur ɗin a ƙasa, tayar tana juyawa. Ya faɗa rafin, ruwa iya gwiwa, laka ta cire masa takalmi ɗaya ya bar mata. Yana gudu cikin rogon yana ƙwala kira, "Yaya! Yaya!" Nufinsa ya ɓata farautar tun daga nesa, dabba ta gudu, kowa ya huta. Amma iska daga gabansa take busowa, tana mayar masa da muryarsa baya, kuma mutum ne da ya shekara yana zaune a kan keken ɗinki. Kafin ya fita daga rogon numfashinsa ya ƙare, kiran ya koma kamar na mai mura.

A ƙarshen gonar akwai ɗan fili, bishiyar tana tsakiya. Ya tsaya a bayan wani kurmi yana haki, ya ɗaga kai. Ga Yaya can sama, tsayin da ya fi rufin bene, kuma ba a zaune yake ba. Ya riga ya miƙe.

Sai a lokacin ya ga aladen. Yana gaba da bishiyar ta hannun dama, baƙi, ƙato, kansa a ƙasa yana tonon saiwa da haurensa. Wani reshe mai kauri ya gitta tsakaninsa da bakin bindigar, shi ya sa maharbin ke ja da baya a hankali, a hankali, yana neman inda zai ga kafaɗar dabbar. Igiyar da ke lilo a ƙugunsa ta fara miƙewa. Mai tamfol yana kallonta tana tashi daga jikin bishiyar tana zama sambal. Wane baki ne a dama, wane ne a hagu, bai sani ba, kuma ba shi da amfani ya sani.

Ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya rufe. Ta bayan Yaya yake, ta wajen mataccen kunnen. In bai ji ba, an yi a banza. In kuma ya ji, mutumin da ya tattara hankalinsa a kan bindiga aka yi masa ihu ta baya zabura zai yi, kuma zaburar baya za ta kai shi, kan igiyar. Ba kunnensa ake bukata ba, idonsa ake bukata. Maharbi kuwa a wannan lokacin wuri ɗaya kawai yake kallo.

Mai tamfol ya fito daga kurmin, ya zagaya a sarari, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya shiga filin har ya tsaya inda bakin bindigar ke kallo. Ya ɗaga hannuwansa sama.

Bakin bindigar ya yi sama da sauri. "Kai! Wane ne... Tela? Ka haukace ne?"

"Yaya, kama bishiya! Igiyar ba a ɗinke take ba!"

"Me?"

"Igiyar! Kama bishiya!" Ya nuna ƙugunsa, ya rungume iska da hannu biyu.

"Bayanka, wawa! Bayanka!"

Ya waiwaya. Aladen ya ɗago kai, ƙasa tana zuba daga hancinsa. Ba gudu ya yi ba kamar yadda dabbar kirki za ta yi. Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ya yi wani gurnani daga can cikin ƙirji, gashin bayansa ya tashi. Mai tamfol ya ji warinsa.

Ya sake kallon sama, abin da ya gani ya fi aladen tayar masa da hankali. Yaya ya maido da bindigar kafaɗa. Yanzu ba farauta yake ba, mijin ƙanwarsa zai ceta, reshen nan kuma yana nan a gabansa, don haka ya ƙara kwantawa. Igiyar ta yi tsaf. Zuwan da ya yi don ya hana, shi ne ya ƙara tura shi.

Ta hannun dama akwai wani babban kututture da ya faɗi, kusa ƙwarai, in ya haye shi ya tsira. Amma in ya yi dama aladen zai bi shi dama, Yaya kuma ya bi aladen da bindiga, ya saki dukan nauyinsa. Ta hagu ba komai sai fili, da gindin bishiyar. In ya wuce ta gindin ya ɓulla bayanta, bishiyar za ta tare wa Yaya gani, dole ya miƙe ya manne da ita kafin ya leƙo.

Ya yi hagu.

Bai taɓa sanin abu mai gajerun ƙafafu haka yana da sauri ba. Yana jin ƙasa na girgiza a bayansa, yana jin Yaya a sama yana zunduma ihu, "Ba nan ba! Kututturen! Ka hau kututturen!" Ya iso gindin bishiyar, ya dafa ta da hannu ya juya. Da gefen ido ya hango Yaya ya jawo kansa gaba, ya saƙalo bishiyar da hannun hagu, ƙirjinsa a jikinta, igiyar ta saki tana lilo. Alhamdulillahi, ya ce a ransa, sai wani abu ya doke shi a cinya ya ɗaga shi sama.

Ya faɗo da bayansa. Bai ji zafi ba tukuna, sai wani sanyi. Aladen ya wuce shi, ya taka birki, ya juyo zai dawo. Bindigar ta tashi da ƙara, da hannu ɗaya aka harba ta, ƙasa ta fashe a gaban hancin dabbar. Ya yi tsalle gefe, ya yi wani irin kuka, ya kutsa cikin kurmi ana jin karyewar itatuwa har ya yi nisa.

Sai zafin ya zo. Mai tamfol ya ɗago kai ya ga wandonsa a yage daga gwiwa zuwa sama, jini yana fita ba ƙaƙƙautawa. Ya mayar da kansa ƙasa. A sama ya ga Yaya ya cire ƙugiya ɗaya, yana saukowa ta kan ƙusoshin kamar mai gudun wuta, igiyar tana biye da shi daga ƙugunsa. Tun bai iso ƙasa ba ya fara.

"Mahaukaci! Mara hankali! Ka san yatsana a ina yake lokacin da ka fito? Ka san saura ƙiris in fasa maka ƙirji? In je in ce wa ƙanwata me? In ce na harbe mata miji kamar zomo?" Ya diro, ya durƙusa, ya yage sauran wandon. "Ga kututture a gabanka ka bar shi! Ko yaron goye ya san ya hau kututture!"

"Yaya, igiyar..."

"Rufe min baki! Ka ɓata min farauta, ka ɓata ƙafarka. Danne nan. Danne, na ce!"

Ya cire rigarsa ya dunƙule ya tura a kan raunin, ta jiƙe nan take. Zagin kuma bai tsaya ba, don shi tsoronsa ta baki yake fita. Ya waiga yana neman abin ɗauri, sai ya tuna da abin da ke ƙugunsa. Ya fizgo igiyar, ya zagaya ta a cinyar sama da raunin, ya zura baki ɗaya ta ƙarƙashi.

"Yaya, ka saurare ni..."

"In mun je asibiti ka yi bayani. Cije haƙoranka."

Ya sa yatsunsa cikin zoben, ya kafa ƙafa a saiwar bishiya, ya ja da dukan ƙarfinsa don ya matse. Ba wata ƙara aka ji ba, ɗan sauti ne kamar an cire toshiyar kwalba. Bakin igiyar ya zare daga cikin robar, maharbin ya tafi da baya ya zauna daɓas a ƙasa, ƙugiyar ta yi tsalle ta faɗa cikin ciyawa.

Ya ɗago abin da ke hannunsa yana kallo. Zoben ya tafi, sai miƙaƙƙiyar igiya mai santsi. Robar ta tale ta yi sirara, alamar tun a sama ta fara ba da kai. A jikin igiyar wasu 'yan guntayen farin zare suna maƙale, tsinkakku. Ya taɓa ɗaya da yatsa, ya fita.

"Baƙin zaren ne ya ƙare," in ji mai tamfol, muryarsa can ƙasa. "Na tafi sayowa."

Wannan karon kunnen ya ji. Maharbin ya ɗaga kai a hankali, ya bi ƙusoshin da ido ɗaya bayan ɗaya har kan katakon, ya sauko da idon zuwa ƙasan da ke daidai wurin, inda saiwoyi suka fito kamar gwiwoyi. Sannan ya kalli kututturen da ke can dama, ya kalli hanyar da mai tamfol ya bi, ya kalli cinyar. Mutumin da unguwa guda ke jin gaisuwarsa ya zauna a ƙasa da guntun igiya a hannu, hawaye na bin kumatunsa bai ma share ba.

"Ƙanena," ya ce. "Da gangan ka bar kututturen."

Daga nesa ana jin manomin yana tahowa cikin rogo yana kira. Mai tamfol ya ji kansa yana juyawa, hannunsa da ke danne da rigar ya fara sanyi. Ya miƙa ƙafarsa mai lafiya ya taɓa gwiwar maharbin.

"Yaya, ka tashi ka yi kukan daga baya. Ni ne fa nake zubar da jini. Ƙulla ta, kuma ka bar mata jela."

Maharbin ya rarrafo ya kama igiyar da hannu biyu. Ya zura ta ya kuskure, ya sake. Ya matso da kunnensa na dama daf da bakin mai tamfol.

"Faɗa min yadda ake yi," ya ce. "A hankali. Ina ji."